Disk dur na ordinatar shago ya tsaya da lissahin bashi a ciki, mi ya kamata in yi?

Autan_Mokoyo:

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah wanda ya san harkar ordinatar ya taimaka min da shawara, kaina ya ɗau zahi. Ni ke riƙe da lissahin shagon kawuna a babbar kasuwa, muna saida shinkafa da mai da makaroni da sukari a sari, kuma da yawa cikin kiliyan ɗinmu ba su biya nan take, ƴan Tasawa da Mayahi da Dakoro da Gidan Rumji su ɗauki kaya, sai sun saida su turo kuɗi ko su taho da su da kansu. Duk wanga lissahi cikin Excel nike yin shi, kowane mutum da shahinshi, abin da ya ɗauka, abin da ya biya, abin da ya rage. Littahin takarda mun daina cika shi tun da munka koma Excel. Ordinatar ɗin portabul ce okaziyon, disk dur nata jiga 500, irin mai juyawa ba SSD ba.

Tun watan jiya ta hwara nauyi, ka danna dosiye ka zauna kana kallonta kamin ya buɗe. Ran Litinin da sahe na kunna sai ta tsaya bisa "Préparation de la réparation automatique", ta yi ta zagaye, ta mutu ta sake tashi ta koma wurin, haka dai. Na kai ma wani mai gyara, ya hidda disk ɗin ya sa a buwatiye ya jona da tashi mashin ta USB, sai Windows ta ce wai sai an yi formate kamin a yi amfani da shi, kuma in dai disk ɗin na jone tashi mashin ɗin ma daskarewa takai. Ya ce in bari ya yi formate ɗin, bayan nan shina da logisiyel da za ya maido komi. Raina bai kwanta ba, na amshi abina na taho. Wani da ke zaune nan rumfar kuma ya ce in ƙulle shi a leda in sa konjelatar ya kwana, wai gobe sai ya tashi garau.

Alhaji ya ce ƙarshen wata shike son a zauna da mutanen Tasawa a yi lissahi. To in bari a yi formate ɗin ko a'a? Maganar konjelatar gaskiya ce? Kuma ana iya wanga aiki nan Maradi ko sai na tahi Yamai ko Kano?

ƊanBagalam227:

Wslm abokina kwantar da hankalinka ba komi ba ne. Sauke Recuva kyauta ne, ni da shi na maido hotuna na kart memuwar da anka goge min, duka sunka dawo. In bai yi ba ka shiga cmd ka rubuta chkdsk e: /f ka bar shi ya gama. Konjelatar ma na ji mutane da yawa sun ce yana aiki, ka gwada ai ba asarar komi

Injiniya_SabonGari:

Wa alaikumus salam. Autan Mokoyo, Allah ya so ka da ka amshi disk ɗinka. Yanzu abu na farko, cire shi daga buwatiye, ka aje shi wurin da yaro ba zai taɓa ba, kar ka sake jona shi don "in ga ko ya tashi". Disk ɗin da ya soma ciwo duk kunnawar da ka yi rage mishi kwana kake, kuma kwanan da ya rage mishi shi ne jarinka, da shi za a kwashe kayan.

Ɗan Bagalam ƙanena ka yi haƙuri, amma shawarar nan taka uku duk suna iya ƙarasa shi. Abin da ya same ka daban, abin da ya same shi daban. Kai kart ɗinka lahiyarta lau, goge hotuna kawai aka yi, to nan Recuva gwani ne. Shi kuwa alamomin da ya lissafa, nauyi na makonni, réparation automatique da ba ta ƙarewa, mashin ɗin mai gyara tana daskarewa in an jona shi, duk suna nuna jikin disk ɗin ne ya fara lalacewa, wasu sektar, ƙananan guraben da ake rubuta bayani a cikinsu, ba su karantuwa. Windows ta je karanta farkon partisiyon ta kasa, shi ya sa ta ɗauka disk ɗin sabo ne fil ta ce a yi formate. Ba wai fishiye sun tahi ba ne. Kamar magaza ce cike da buhuna, takardar da ke nuna wane buhu ke wane layi ce ruwa ya taɓa, buhunan na nan inda aka jibge su. A NTFS, tsarin da Windows ke jera fishiye da shi, takardar nan sunanta MFT, ita ke riƙe da sunan kowane fishiye da inda yake zaune.

To formate sabuwar takarda zai rubuta, ya taka wani ɓangare na tsohuwar. Formate rapide ke nan ma. In aka yi rashin sa'a mai gyaran ya cire alamar rapide ɗin, tun daga Windows Vista formate cikakke sifili yake bi yana rubutawa a disk ɗin gaba ɗaya, daga nan ko Turai ka kai shi sai dai a ba ka haƙuri. Ni ban ga dalilin da za a ce a fara lalata abu sannan a zo a maido shi ba, logisiyel ɗin kirki duk suna karanta disk ko Windows ta ce RAW ne, watau ba ta gane tsarinshi ba.

chkdsk kuwa aikinshi ya daidaita partisiyon ta yi aiki, ba ruwanshi da ko fishiye ɗinka ya tsira. In ya ci karo da abin da bai gane ba sai ya yanke, ya watsa guntaye cikin wani dosiye found.000, kuma rubutu yake yi a kan disk ɗin da muke lallaɓawa. Sau da yawa ma in disk RAW ne ƙin tashi yake, wannan shi ne sa'ar mutum. Recuva shi ma zai bi disk ɗin yana karantawa, ya zo wurin da ya lalace ya yi ta nanatawa awa da awanni, allurar da ke karanta faifan disk ɗin tana gurzar wuri guda.

Maganar konjelatar ku bar ta kwata-kwata. Disk irin wannan ba a rufe yake ruf ba, yana da ɗan ramin numfashi mai filta. Ka hiddo ƙarfe mai sanyi cikin zahin Maradi ai ka san raɓa ce za ta kwanta mishi, ciki da waje. Faifan da ke ciki yana juyi 5400 a minti, watau 90 a sekan guda, allurar da ke karantawa kuma ba ta taɓa shi, shawagi take a kanshi da tazarar ƴan nanomita, alhali kaurin gashin kai guda ya kai nanomita dubbai goma-goma. Ɗigon raɓa guda a nan wurin ya isa.

Amsa min waɗannan kamin mu ci gaba. Da aka jona shi ka ji ƙara? Irin ƙwas ƙwas ƙwas yana maimaitawa, ko tsiii kamar yana son juyawa ya kasa, ko juyi yake sumul? Ordinatar ta taɓa faɗuwa ko an buge ta tana kunne? Kuma a Gestion des disques na mai gyaran, girmanshi daidai ya hito, wajen 465 Go, ko wani abu daban?

Hajiya_Saisie:

Sannu ɗana, Allah ya hidda kai. Ni ban iya gyara ba, saisie da impiresiyon nike yi kusa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, amma irin hawayen nan na gan su da yawa, ɗalibi saura kwana kaɗan sutnans ya zo ya ce memuwar ta tahi da disk. Kuma sau da yawa ba a disk ɗin muke samo ta ba. Kamin ka kashe ko dala, zauna ka tuna ina da ina fishiye ɗin ya taɓa zuwa. Ba ka taɓa tura ma Alhaji shi ta WhatsApp ba? Shiga hirarku ka duba wajen dokima, ka duba wayarshi shi ma. Duba Gmail wajen saƙonnin da ka aika. Duba kile ɗin da kake zuwa da ita siber in za ka hidda faktir, kai har siber ɗin ka leƙa, mu nan mutane na barin fishiye bisa biro na mashin wata da watanni ba wanda ya goge. In ka samu ko na wata biyu baya ne ai an rage maka aiki, sauran sai ka cike da resi. Masu turo kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza ai akwai saƙo a waya akwai resi, kwanan wata da adadi duk suna jiki. Kayan da sunka hita kuma yaran magaza da masu lodi suna da ɗan karne nasu, ko ba su rubutu da kyau.

Sai abu guda da nike so ka riƙe. Kar maganar nan ta hita cikin kasuwa. Ba na ce kowa macuci ne ba, amma ranar da anka ji lissahin Alhaji ya ɓace, mai bashin buhu 40 za ya tuna 25 ne, kuma har rantsuwa ya yi maka. Mai gyaran ma ka ce mishi takardun aiki ne kawai. In za a yi aikin a yi shi gabanka, in an gama ka tabbata bai bar kopi a mashin ɗinshi ba, don wanga sirrin kawunka ne da na mutanen da ke bin shi da wanda shike bi. Amma shi Alhaji ka gaya mishi gaskiyar girman abin tun yau, kar ya ji ranar da mutanen Tasawa sunka zauna bisa tabarma.

Autan_Mokoyo:

Na gode ƙwarai Injiniya, na gode Hajiya Allah ya saka da alheri. Hajiya wallahi kin taimake ni, na duba wayar Alhaji na samu wanda na tura mishi kamin azumi, ya tsufa amma ya hi babu nesa ba kusa ba. Kuma na gaya mishi komi da dare.

Gran Injiniya, ba ƙwas ƙwas, na kara kunne da kaina lokacin da mai gyara ya jona shi, juyi shikai sumul, sai dai lokaci lokaci ka ji ɗan tsik a hankali sai hitilar buwatiye ta tsaya cak ba ta ƙyaftawa. Ba ta taɓa hwaɗuwa ba a sanina, amma kullum bisa babur nike tahiya da ita gida in dawo da ita, wani lokaci rufe ta kawai nikai ban kashe ba. Girman na tambayi mai gyaran a waya ya ce 465 ya gani kuma an rubuta RAW. Ya ce ya ma buɗe CrystalDiskInfo, logisiyel mai duba lahiyar disk, ya ga rawaya an rubuta Prudence, wani layi C5 da lamba a gabanshi. Mi wannan ke nuhi?

MaiHoto_AliƊanSofo:

Auta ka gode Allah naka bai fara ƙwas ƙwas ba. Ni aikina ɗaukar biki da suna, bari in ba ka labarin nawa don ka san abin da ba za ka yarda a yi maka ba. Disk na waje ne tera guda, bidiyon bukukuwa da ban gama montaj ba suna ciki, yaro ya ja kabul ya faɗo daga tebur yana cikin aiki. Na ɗauka na jona, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ya yi shiru, ya sake. Na kai wa wani a kasuwa ya ce allura ce ta maƙale yanzu zai ɗaga ta. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Ina tsaye ya ɗauko turnabis mai tauraro ya kwance murfin nan cikin rumfa, babura na wucewa ƙura na tashi, faifan ya bayyana yana sheƙi har kana ganin fuskarka, ya hura mishi iska da baki, ya sa ɗan yatsa ya juya shi, da ya ɗauke yatsan sai ga shatar yatsanshi kwance a kai. Ya tura allurar gefe da tsinken turnabis ya rufe ya jona. Ƙarar da ta hito ba ƙwas ba ce kuma, ƙiii ce ta gurza. Da ya sake buɗewa an samu zobe a jikin faifan, da ɗan baƙin gari a filta. Garin nan shi ne bikin mutane.

Na bi na tambayi masu wannan aiki a Faransa ta intanet, na tura musu hoton faifan, suka ce wanda aka buɗe aka gurza haka ba su da abin yi. Suka ce da ban bari an buɗe ba, canza allura ake yi daga wani disk irinshi sak, a ɗaki na musamman da ake tace iska, kuma kuɗin ɗaruruwan yuro ne. Kai lissafa, yuro guda sefa 655 da ɗoriya, yuro 500 kaɗai ya haura jika 327, ban da kuɗin aikawa. Amarya guda har yau in mun haɗu da uwarta a hanya sai ta kau da kai.

Saboda haka duk wanda ya ce zai buɗe maka disk a rumfa, amshi abinka. In za ka kai wani gari, Yamai ko Kano ko Legas, tun a waya ka tambaye su da mi suke aiki. In suka ce suna da PC-3000, na'urar ƙwararru ta ceto bayanai daga disk, da wurin buɗewa mai tace iska, kuma kopi suke fara yi kamin komi, to ana iya magana. In ka ji an ce "kawo kawai muna da logisiyel", irin na nan ne, kuɗin mota kawai za ka ƙara.

Injiniya_SabonGari:

Mai Hoto Allah ya mayar da alheri, labarinka ya hi duk bayanin da zan yi.

Auta labarinka ya yi daɗi daidai gwargwado. Yana juyi, yana nuna girmanshi na gaskiya, ba ƙwas ƙwas, to ba sai ka je ko'ina ba tukuna, ana iya gwadawa nan Maradi. C5 ɗin nan adadin sektar ne da disk ya je karantawa ya kasa, ya aje su a jerin jira. In ka ga 05 ma ya hau, waɗanda ya riga ya haƙura da su ne ya musanya da na ajiya. Tahiya da ita a babur tana kunne ko ba ta gama barci ba yana iya jawo haka, ga zahi, ga shi dama okaziyon ce ba mu san shekarun da ta yi a hannun wani ba.

Aikin guda ne, a kwafe disk ɗin dukanshi sektar bayan sektar zuwa wani disk mai lahiya, a aje mara lahiyar, duk wani bincike a yi shi a kan kopi. Ba kopiye-kole na Windows ba, Windows in ta iso sektar mara kyau tsayawa take tana jira har komi ya daskare, ka gani da idonka. Abin da ake aiki da shi sunanshi ddrescue, na Linux ne, kyauta. Wayonshi shi ne yana fara kwashe wurare masu sauƙi da sauri, in ya ji wuri ya yi tauri ya tsallake, sai ya gama da masu kyau sannan ya dawo yana tsintar na cikin masu wuya. Ko disk ɗin ya cika a tsakiyar aiki, ka riga ka samu mafi yawa.

Abin da za ka nema: ordinatar biro mai inite santral, disk lahiyayye mai hili fiye da jiga 500, tera guda ya yi, da kile da aka sa ma SystemRescue, wani Linux na ceto, ta hanyar logisiyel Rufus ko Ventoy, ddrescue da TestDisk duk suna ciki. Ka jona mara lahiyar kai tsaye da kabul SATA cikin inite santral, bakin disk na portabul da na biro iri ɗaya ne. Ka bar buwatiye, ƙaramar plaket ɗin da ke ciki in ta haɗu da sektar mara kyau rikicewa take ta saki disk ɗin, wannan ne hitilar da ka ga ta tsaya. Disk ɗin da za a zuba kopi kar ya zama FAT32, ba ya ɗaukar fishiye da ya wuce jiga 4, a sa NTFS.

In mashin ta tashi daga kile, rubuta

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

ka gwada lambar seri da wadda ke rubuce a bayan disk ɗin, ka tabbatar wanne ne wanne. Ka duba sau biyu, nan ne mutane ke yanka kansu, a juya suna a kwafe fanko a kan mai kaya. A ce mara lahiyar shi ne sdb kuma an ɗaura sabon a /mnt/sabo:

ddrescue -d -n /dev/sdb /mnt/sabo/disk.img /mnt/sabo/map.txt

Map.txt ɗin nan kar ka manta da shi, shi ke rubuta inda aka kwafe da inda ba a kwafe ba. Kuran ya ɗauke, ka sake rubuta layin nan yadda yake, daga inda ya tsaya zai ɗora. Duk da haka a samu ondilar, yankewar wuta tana aiki ba ta yi ma disk mai ciwo daɗi. Ka sa mishi fanka tana hura mishi, in da hali a yi da dare. In zagayen farko ya ƙare, sake layin, ka cire -n ka sa -r1, ya koma kan wuraren da ya tsallake. Kar ka sa ya yi ta maimaitawa ba iyaka. Kuma ka zauna kusa, in ka ji ya fara ƙwas ƙwas ko gudun ya faɗi ƙasa ya daɗe ba ya samun komi, kashe mashin, daga nan maganar ta koma ta masu PC-3000, sai ku auna da Alhaji ko abin da ya rage ya kai kuɗin.

In disk.img ya samu, buɗe shi da DMDE a Windows, na kyautan yana bari ka hidda har fishiye 4000 daga dosiye guda a lokaci guda, ya ishe ka. Yawanci zai nuna maka partisiyon da dosiye da sunayensu yadda ka bar su. TestDisk ma yana yi, NTFS tana aje kopin sektar ɗin farko a can ƙarshen partisiyon, shi kuma ya iya ɗauko ta. PhotoRec ka bar shi sai in waɗannan sun gaza, shi da TestDisk na wani Bafaranshe ne Christophe Grenier, PhotoRec ɗin yana aiki sosai amma ba ya maido suna ko dosiye, zai zubo maka fishiye dubbai da suna irin f0123456.xlsx ka yi ta buɗewa ɗaya ɗaya. Ka leƙa kuma Users, sunanka, AppData, Roaming, Microsoft, Excel, nan Excel ke aje abin da ya adana da kanshi. In aka tarar an kulle disk ɗin da BitLocker, makullin lamba 48 ne, yawanci yana cikin kont Microsoft da aka shiga da shi a mashin ɗin.

In ba ka saba da Linux ba kar ka koya a kan wannan disk. Nemi ɗalibin informatik ko mai gyaran da ya san ddrescue, ka nuna mishi saƙon nan, ka zauna gefenshi.

ƊanBagalam227:

To Injiniya mun ji, mu dai abin da munka gani munka hwaɗa lol. Amma wani abokina plaket ɗin bayan disk kawai ya canza da ta wani disk ya tashi, ba sai an yi duk wanga dogon turanci ba

Injiniya_SabonGari:

Wancan in plaket ce ta ƙone, disk ba ya juyi sam, wani lokaci har ka ji ƙauri, yawanci an jona mishi sharja da ba nashi ba. Kuma a disk na yanzu ko plaket iri ɗaya ce sak sai an ɗauke ƙaramin ROM na tsohuwar an liƙa a sabuwar, don saitin allurar kowane disk nashi ne shi kaɗai. Na Auta yana juyi yana amsa sunanshi, plaket ɗinshi ƙalau take.

Autan_Mokoyo:

Alhamdulillahi ƴan uwa. Na samu wani ɗalibi ɗan unguwar Zariya, munka yi a gidansu yadda Gran Injiniya ya tsara. Farko gudu shikai kamar ba abin da ya same shi, da ya zo wani wuri sai ya koma rarrahe, kuran ma ya ɗauke cikin dare ondilar ta ba mu lokaci munka kashe, da ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya ƙare bisa 99.97%, bai yi ƙwas ko guda ba. DMDE ya nuna dosiye na da sunanshi. Babban fishiye na bashi ya buɗe, har abin da na shigar ran Asabar da marece shina ciki, na gwada da wanda ke wayar Alhaji da resi na Nita, lambobi sun yi daidai. Wasu hotuna sun hito rabi toka-toka, ba su dame ni ba. Amma fishiye guda na lissahin bara Excel ya ce ya lalace ba ya buɗewa, kuma akwai mutum biyu ƴan Dakoro da tsohon bashinsu ke ciki.

Sai kuma Alhaji ya ce tunda disk ɗin ya yi aiki har anka kwashe komi, a yi mishi formate a maida shi cikin ordinatar mana, mi za a sayi sabo. Mi zan ce mishi?

Injiniya_SabonGari:

Masha Allah, barka. Ka ce ma Alhaji disk ɗin da C5 nashi ya fara hawa ba abin yarda ba ne kuma, formate zai ɓoye ciwon na ɗan lokaci ne ya dawo. A sa SSD, jiga 256 ya ishi Excel da faktir, ba ta da faifai ko allura don haka babur bai dame ta ba. Sai dai ka sani ita in ta mutu ba ta ba da sanarwa irin wadda wannan ya ba ka, kuma abin da aka goge a cikinta wani tsari mai suna TRIM na share shi da wuri, Recuva ba ya samun komi. Don haka fishiye ɗin bashi kullum da marece ya hau Google Drive, jiga 15 ne kyauta, kuma duk Juma'a ka tura ma Alhaji a WhatsApp. Tsohon disk kar ka saida shi kar ka bar ma mai gyara, lissahin na nan cikinshi, sa shi a durowa. Disk.img ma ka bar shi tukuna, ka tabbatar ɗalibin bai riƙe kopi ba.

Na bara kuwa, fara da Excel ɗin kanshi, Fichier, Ouvrir, ka zaɓi fishiye ɗin, ka danna ɗan kibiyar da ke gefen Ouvrir ka zaɓi "Ouvrir et réparer". In ya ƙi, gwada LibreOffice, wani lokaci yana buɗe abin da Excel ya ƙi. In shi ma ya ƙi, yi kopi ka buɗe da 7-Zip, xlsx ai zip ne, shiga xl sannan worksheets, kowane shafi fishiye ne daban, sheet1.xml, sheet2.xml, mai yiwuwa guda ne ya taɓu sauran na nan. Sunaye da duk wani rubutu suna cikin sharedStrings.xml. In shi ne ya lalace, lambobi za ka gani ba sunaye, sai ka bi kwanan wata da adadi ka gwama da resi da karne na yaran magaza ka gane shahin ƴan Dakoro ɗin.